Karcen Tagar Manaja Nawa Ne

Akwai abin da na aikata da hannuna, wanda da za a ce in zaɓi abu ɗaya a share daga cikin ayyukana, shi zan nuna. Na sa reza da soson waya a jikin firam ɗin wata taga, na karce shi. Wannan kaɗai bai kai a rubuta ba. Abin da ya kai a rubuta shi ne, da aka tambayi wanda ya yi, na sunkuyar da kai, na bar mahaifin matata ya ce shi ne. Fiye da shekara talatin yana ɗauke da laifin nan a madadina. Ina zuwa gaishe shi, ina durƙusawa, ina kai masa jikoki ranar Sallah, ban taɓa buɗe baki ba. Ranar wata Talata da hantsi, cikin watan jiya, Allah ya karɓi abinsa a gidansa na Panshekara. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Firamare na gama a ƙauyenmu can ƙasar Jigawa, sai karatun allo. Yanzu na haura sittin, ido ya fara gajiya. Amma na ga in ban rubuta ba, jikokinsa za su tashi ba su san kakansu ba, sai dai su ji ana cewa wani tsoho ne mai wankin taga. Zan kira shi Baba, don haka nake kiransa tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarsa ta fari.

Ban zaci jama'a za su taru haka ba. Tabarmin gida ba su isa ba sai da aka ari na masallaci. Tsofaffin ma'aikatan Sharada sun zo, wasu a kan sanda. 'Yan uwansa manoma sun zo daga Challawa. Wasu masinjoji biyu sun taho tun daga Bompai, suka ce ofishinsu bai sake ganin haske irin na zamaninsa ba. Limamin unguwa, bayan ya gama addu'a, sai ya ɗaga kai ya dubi tagogin masallaci da ke hayin titi, ya ce, "To, yanzu kuma sai mu ga wanda zai kula mana da waɗancan." A cikin gida ana ta kuka, amma matata ba ta yi ba. Ta zauna a gefen mahaifiyarta, wadda nake kira Inna, tana amsa gaisuwa da ido a bushe.

Can da la'asar wani tsohon maigadi ya iso, mutumin Nijar, wanda suka yi shekaru tare da Baba a kamfanin robobi na Sharada. Ya zauna kusa da ni, ya share hawaye da gefen rawaninsa, ya ce wa jama'a:

"Ni na san shi. Shekara ashirin da wani abu yana wannan aiki, kuskure ɗaya tak na san ya yi. Tagar manaja. Ya sa mata reza ya ɓata ta. Daga wannan babu."

Mutane suka ce, "Ɗan'adam ne. Allah ya yafe masa."

Ni ma na ce amin. Da bakina na ce amin, Allah ya yafe masa abin da ni na yi.

Baba haifaffen Challawa ne. Gonar mahaifinsa tana cikin wuraren da aka gina masana'antu a kai, kuma yakan nuna wata katanga ya ce nan rijiyarsu take. Ya fara da leburanci, ya koma shara, daga nan aka ba shi tagogin ofis, har ya zama hedman, wato shugaban masu shara da goge-goge. Mutum ne gajere, marar yawan magana, mai tafiya kamar ba ya son ƙasa ta ji. In ya shiga gidan mutum, kafin ya dubi mai gidan ya riga ya dubi tagarsa. Inna takan ce ko ranar da ya je neman aurenta, da tagar zauren mahaifinta ya fara gaisawa.

Yana da wata jakar buhu da ba ya rabuwa da ita. A ciki akwai tsumma uku na tsohuwar singileti, kowanne da ƙullin zare mai launi daban a gefe: ɗaya na gilashi, ɗaya na firam, ɗaya na dakalin taga, wato ɗan faffaɗan wurin nan na ƙasa inda mutane ke ɗora kofi da makulli. Akwai tsohon buroshin fenti mai laushi, da 'yar kwalbar kananzir, da man goge baki fari, da dunƙulen kakin zuma, da gyaɗa 'yar kaɗan a ƙulle a leda. Wata rana Inna ta ɗauki tsumman gilashi ta sauke tukunya da shi. Kwana biyu yana zancen. Ta ce, "Malam, tsumma ne fa, ba alkyabba ba." Ya ce, "Alkyabba ai ba ta ciyar da ke ba." Har ya tsufa in suna raha sai ta ce masa a kawo alkyabbarsa.

Ni a masaƙa nake aiki, ana juya mu safe da yamma, sai aka rage ma'aikata aka haɗa da ni. Muna haya a Ɗorayi, 'ya'ya biyu, matata kuma da ciki. Baba bai kira ni ba, bai ce mini komai ba. Inna ce ta aiko ƙanwar matata da saƙo, wai in je ƙofar kamfanin robobi ranar Litinin da sassafe. Haka na shiga ƙarƙashin surukina.

Wanda bai san surukuta ba, ba zai gane wahalar wannan ba. Ba na cin abinci a gabansa. Ba na haɗa ido da shi. In na hango shi a wannan lungu, sai in bi wancan. Shi ma ba ya kallona ya yi mini magana, ga shi kuma dole ya koya mini aiki. Sai ya samo dabara. In yana son in ji abu, sai ya tsaya a gaban taga ya yi magana da ita, ko ya juya wajen sauran ma'aikata, waɗanda sun riga sun iya, ya faɗa musu da ƙarfi.

"Mai zobe ya cire zobensa," zai ce wa bango. "Mai agogo ya sa shi a aljihu." Ni kaɗai ne mai zobe a wurin.

A haka na koyi komai. Ba a goga taga a bushe. Sai an bi lungunan firam da dakali da buroshi an fitar da yashin da manyan motoci ke tayarwa, sannan a kwarara ruwa, sannan tsumma ya taɓa. "Tsumma ba ya karce komai," in ji shi, "yashin da ke cikin tsumma ne ke yi. Jiƙa kafin ka goga." Tsumman da ya faɗi ƙasa ya gama aiki sai an wanke shi. Bokiti ba ya hawa dakalin taga, don gindinsa na ɗauke da tsakuwa, in ka ja shi sai ya bar zane. Kan tsani kuwa, inda yake jingina da firam, sai an naɗe shi da tsohon tub na keke. Yakan ce gilashi kowa na iya wanke shi, firam ne ke faɗin irin mutumin da ya zo.

In ya ga karce, ba ya saurin magana. Sai ya ɗora farcen babban yatsansa ya ja a hankali, ya gitta zanen. In farce ya wuce sumul, sai ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya ɗiga man goge baki a tsumma mai laushi, ya bi tsawon firam ɗin, ba kewaye-kewaye ba, har zanen ya ɓace. In katako ne, sai ya murje gyaɗa a kan wurin, maiƙon ya shiga, ya bi da kakin zuma. In ƙarfe ne mai fenti, samfefa mai laushi da sabon fenti. Amma in farce ya kama, ya tsaya a cikin zanen, sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan ya shiga. Sai dai a ɓoye shi, ba ya fita."

Rigimarsa ɗaya da na sani a kamfani, da wannan maigadin ne. Ɗakin gadi yana da taga mai dakalin tarazo, wato daɓen siminti da tsakuwa mai santsi, maigadi kuma yana ɗora rediyonsa a kai, yana jan ta nan da can yana neman tasha. Baba ya goge zanen sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya tsaya.

"Sarkin ƙofa, rediyon nan ƙafa gare ta?"

"Hedman, labarin duniya nake nema."

"Ka nema a sama. Ba a cikin tarazo yake ba."

"To dakalin naka ne, ko na kamfani?"

"Na wanda ke goge shi ne."

Suka yi mako guda ba gaisuwa sai ɗaga hannu. Ranar Litinin maigadi ya zo ya tarar an yanka wani guntun bargo daidai gindin rediyo, an ɗinke bakinsa, an shimfiɗa a dakali. Daga nan suka zama aminai, shayin maigadi ba ya sauka sai an zuba wa Baba.

Ina wata na biyar a aiki aka gyara ofishin manaja da ke bene. Aka cire tsofaffin tagogin luba, aka sa wasu manya na alminiyom masu launin ƙasa-ƙasa mai ƙyalli, irin waɗanda ba mu taɓa gani ba. Masu fenti suka zo daga baya, suka bar ɗigon farin fenti a jikin firam ɗin babbar tagar da kuma dakalinta. Aka ce in hau in wanke.

Na jiƙa, na goga, fenti bai motsa ba. Baba yana ƙasa, a gindin matakala, yana wanke tsummansa. Ina jin ƙarar bokitinsa. Taku ashirin ne tsakaninmu. Da na sauka na tsaya a gefe na ce wa bango, "Fenti ya ƙi fita," da ya ce wa bokiti a ɗiga kananzir a jira ya yi laushi, a ɗaga shi da guntun roba. Daga baya na ga ya yi haka sau ba adadi. Amma kunya ta riƙe ni, kuma ba kunya kaɗai ba. Ina so ya hau ya ga na gama ni kaɗai, ya san 'yarsa ba ragon miji ta aura ba.

Na ciro rezar da nake yanke farce da ita. Fentin ya fita, amma ya fita da launin firam ɗin. Ashe launin nan a sama kawai yake, bai kai kaurin fatar albasa ba, ƙarƙashinsa farin ƙarfe ne. Da na ga fararen layuka, sai na ruɗe. Na sauka ta ɗaya matakalar, na karɓo soson waya wajen mai abinci a bakin ƙofa, na ce bari in daidaita wurin. Na dirza. Wurin da bai fi tsawon yatsa ba ya koma kamar tafin hannu biyu, fari fat, duk zane. Sai na sake yin wauta ta uku. Na sayi man takalmi ruwan ƙasa wajen mai gyaran takalma, na shafe wurin, na ja labule, na sauko kamar ban yi komai ba.

Washegari rana ta bugi tagar. Man ya narke, ya kama farin labulen manaja, zanen kuma ya fito fili. Aka tara mu mu shida a ofis. Manaja ya ce tagar nan daga waje aka kawo ta, ba a samun irinta a Kano, kuma wanda ya yi wannan aiki yau zai bar kamfani. Ya ce in ba a faɗa ba, duk mu shida za mu tafi.

Baba ya matsa gaban tagar. Ya ɗora farce ya ja. Ina jin yadda farcen ke kamawa, ƙarat, ƙarat. Ya daɗe yana kallon zanen, ya karkata kai dama, ya karkata hagu. Bai dube ni ba ko sau ɗaya. Sannan ya cire hularsa ya ce:

"Ranka ya daɗe, ni ne. Na ga fenti, na yi gaggawa."

Manaja ya ce, "Kai? Kai da kake hana mutane ɗora kofi?"

"Ni ne."

Bakina ya buɗe, na rantse ya buɗe, amma sai na tuna cikin matata da mai gidan haya, na mayar da shi na rufe.

Saboda daɗewarsa ba a kore shi ba. Aka sauke shi daga hedman, aka ba shi tsintsiya ya riƙa share bayan injina, inda ake zubar da ɓarɓashin roba. Aka hana shi taɓa taga. Mutumin da ke shiga ofishin manaja ba sallama, ya koma ba ya wuce matakala. Bai cika shekara a haka ba ya ajiye aiki. Ya ɗaura bokiti da jakarsa a bayan keke, ya riƙa tafiya tun daga Panshekara har Bompai yana bin ofisoshi, wanda ya yarda ya wanke masa. Haka ya yi har gwiwa ta ƙi. Ni kuwa na zauna. Bayan 'yan shekaru aka ba ni hedman, kujerarsa, na riƙe har kamfanin ya rufe. Da wannan aiki na sayi fili, na aurar da 'ya'ya. Duk sabon ma'aikacin da ya zo, da maganar Baba nake koya masa, kuma ina ji ana ba shi labarin tsohon hedman da ya sa reza a tagar manaja, ina wucewa.

Maigadi ya laƙaba masa suna. Duk inda suka haɗu, a ɗaurin aure ko a jana'iza, sai ya ce, "Mai reza, ina kwana?" Baba ya yi dariya ya ce, "Lafiya lau, Sarkin ƙofa. Rediyo ta sami tasha?" A gabana aka yi wannan ba sau ɗaya ba.

Kada a ce ban taɓa niyya ba. Ranar sunan yaron da matata ta haifa a wannan shekara na yi niyya, jama'a suka yi yawa. Da zai tafi aikin Hajji, wanda 'ya'yansa suka haɗu suka biya masa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana neman gafara, har da ni. Na ce, "Ba ku yi mini komai ba, Baba." Nan ne wurin faɗa, na bar shi ya wuce.

Na ƙarshe shi ne watanni kaɗan kafin rasuwarsa. Idonsa ya riga ya tafi, sai haske da duhu kawai yake bambancewa. Na je da hantsi na ce zan wanke masa tagar ɗakinsa, 'yar ƙaramar taga mai firam ɗin katako da shi ya kafa da hannunsa. Yana kwance yana saurare. Na yi shafa biyu sai ya ce, ga tagar yake magana kamar yadda ya saba:

"Akwai yashi a tsumman nan."

Na duba, da gaske ne. Na wanke shi. Na ce a raina yau ne. Na durƙusa a bakin gado na ce, "Baba, akwai wata magana da na daɗe ina son in faɗa muku. Maganar Sharada."

Ya juya kai wajen taga. Sannan ya ce, "An jiƙa dakalin kuwa? Kada ya bushe da sabulu a kai, zai yi tabo."

Na tashi na koma wajen dakali. Na gaya wa kaina ya gaji, ba ya son dogon zance, sai wani zuwan. Gaskiya ita ce na ji daɗi da ya kauda maganar. Wani zuwan kuma bai zo ba.

Shi ya sa amin ɗin da na ce ranar rasuwa ya hana ni cin abinci. Ranar addu'ar uku, bayan liman ya shafa fatiha, mutane na shirin tashi, sai na ji na miƙe. Na ce:

"Jama'a, ku yi haƙuri, minti ɗaya. Shekaranjiya an ce Baba ya taɓa ɓata tagar manaja a Sharada. Ba shi ba ne. Ni ne. Ni na sa reza, ni na sa soson waya, ni na shafa man takalmi. Ya ce shi ne don kada a kore ni. Baba bai taɓa karce tagar kowa ba."

Ƙannen matata suka dubi juna. Maigadi ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Malam, shekara talatin ina kiran bawan Allahn nan Mai reza. Kana tsaye."

Na ce, "Ina tsaye."

"Kuma yana dariya."

Ya sa rawani ya rufe fuska. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ce gara da na faɗa. Wasu sun ba ni hannu da za su tafi, wasu ba su ba ni ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Kafin in shiga gida magana ta riga ni. Inna ta aiko a kira ni. Na durƙusa daga bakin ƙofa, tana cikin takaba, matata na gefenta. Inna ta ce:

"Ka zaci bai sani ba?"

Na ce, "Na yi zaton yana zargi."

"Ba zargi. Ranar da abin ya faru ya dawo ya gaya mini. Ya ce zanen daga dama ya gangaro zuwa hagu, aikin bahago ne, kuma bahago ɗaya ne a cikinsu, wato kai." Ta yi ɗan murmushi. "Ya ce ko ɓarnar ma ba ka iya ba, wa ke sa man takalmi inda rana ke bugawa."

Na ce, "Inna, me ya sa bai taɓa nuna mini ba?"

"Na ce masa ya bari gaskiya ta fito, shi ma yana da iyali. Ya ce, 'Waccan tana da ciki. In aka kori mijinta, ina za ta?' Ya ce in na faɗa wa kowa bai yafe ba. Ya ce kuma kada a sa ka faɗa, don in ka faɗa ba za ka ƙara iya shigowa gidan nan ba, ita ma sai ta rage zuwa."

Waccan ita ce matata. 'Yar fari ce, don haka Baba bai taɓa kiran sunanta ba. Bai taɓa ɗaukarta tana ƙarama ba, bai taɓa zama ya yi hira da ita ba. In ta gaishe shi, sai ya amsa yana kallon wani wuri. Ta sha gaya mini cewa ta san al'ada ce, amma wani lokaci takan ji kamar ba ta da uba. A nan, a gaban mahaifiyarta, kukan da ba ta yi ba kwana uku ya zo mata. Ta yi shi har muryarta ta dushe.

Da muka koma gida ba ta yi mini magana ba kwana biyu. Tana ajiye abinci ta wuce. A rana ta uku ta zauna nesa da ni kaɗan ta ce, "Malam, ba tagar ce ta dame ni ba. Da ka faɗa tun yana da rai, da na je na yi masa godiya. Ko bai dube ni ba, da ya ji." Wannan ne abin da na hana ta, kuma ba ni da yadda zan mayar mata. Ta yafe mini daga baya, da bakinta ta faɗa, amma na san akwai abin da ya rage.

Da aka raba 'yan kayansa, Inna ta ce a ba ni jakar buhu. Tsumman nan uku suna ciki, a wanke, a ninke. Ranar Juma'ar da ta biyo baya na je da ita masallacin unguwarsu tun da safe, na cire zobena, na bi tagogin ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauki wannan aiki har iyakar ƙarfina.

Na kuma je Sharada. Kamfanin ya zama wurin ajiye kaya, amma benen yana nan. Na roƙi mai tsaron wurin ya bar ni na hau. Tagar tana nan, gilashinta ya tsage, firam ɗin ya dushe. Na nemi wurin na samu. Na ɗora farce na ja, ya kama.

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa kamar yadda ya haskaka ɗakunan mutane, ya ba Inna da 'ya'yansa haƙuri. Wanda duk ya taɓa jin labarin tsohon hedman da reza, don Allah ya gyara shi, ya sa sunana a wurin.

Ku kuma da kuka karanta, abu biyu nake roƙonku. In fenti ya ɗiga a firam, kada ku sa masa reza ko soson waya. Ku sauka ku tambayi wanda ya sani, ko da surukinku ne, ko da bango za ku yi wa maganar. In kuma kun riga kun karce, har wani ya miƙe ya ce shi ne, kada ku yi irin shirun da na yi. Ku je ku faɗa masa tun yana iya jinku, ku bar waɗanda ya yi abin dominsu su yi masa godiya.